Ofishin kansilin na cocinmu: abin da na gani da na kai ƙanina, da tauraro ɗayan da na riƙe

Tauraro huɗu cikin biyar zan ba su, ɗayan da na riƙe kuma ba don mugunta ba ne, zan zo kansa. Maganar ofishin ba da shawara nake yi, wanda mu dai kansilin muke ce masa, na wata babbar ikilisiya a kudancin garin Kaduna. Ba zan kama sunan cocin ba don akwai abin da zan faɗa da ba zai yi wa wasu daɗi ba, kuma mutanen nan ba biyansu ake yi ba balle a ce na zo in ɓata musu kasuwa.

Wurin ɗaki biyu ne a bayan majami'a, kusa da inda 'yan kwaya suke ajiye ganguna. Talata da Alhamis suke zama, daga la'asar har magariba ta yi. Ba kuɗin kati, ba kuɗin ganin kowa, kuma ba sai kai ɗan cocin ba ne, na ga 'yan wasu ɗariku a kan bencin jira. Kana zuwa sakatariya za ta rubuta sunanka a wani dogon littafi ta tambaye ka wa kake so ka gani. To nan ne fa abin yake, don ɓangare uku ne a ƙarƙashin rufi ɗaya kuma kowa da hanyarsa: akwai Baba Rabaran mai ritaya, akwai wata Mama tsohuwar nas da ta koma ta yi karatun kansilin bayan ta bar aikin asibiti, sai kuma ƙungiyar addu'a masu dilibarans, wato korar aljanu, da su ba su da ofis, a cikin majami'a suke nasu. Wanda ya zo bai sani ba zai ɗauka duk abu ɗaya ne tunda duk Littafi Mai Tsarki ɗaya suke riƙe. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Matsalar ƙanina ce ta kai ni. Masu garkuwa sun ɗauke shi a hanyar Kachia, sai da muka sayar da fili aka haɗa kuɗin fansa, ya dawo a rame ƙafafu duk sun kumbura. Ranar Lahadi aka yi godiya, muka yi rawa har gaban bagade da baiko, Zumuntar Mata suka yi guɗa, kowa ya ce shi ke nan Allah ya yi. Mu a gida mun san ba shi ke nan ba. Yaro ba ya barci, in babur ya wuce da dare sai ka gan shi a tsaye jikin bango yana haki, abinci sai an matsa, wanda a da in yana gida ba ka jin maganar kowa sai tasa ya koma sai ka yi masa tambaya uku kafin ya ce uhm. Daga baya na tsinci fankon tiramadol a aljihun wandonsa da zan yi wanki.

Wajen masu addu'a muka fara zuwa, don gaskiya nan kowa yake fara zuwa. Ba na raina addu'a, ni ma da ita nake tsaye, kuma mutanen nan sun yi azumi saboda yaron da ba su haɗa komai da shi ba, Allah ya saka musu. Amma ku ji yadda aka yi. Suka ce ruhun daji ne ya biyo shi. Aka sa shi ya durƙusa a tsakiya, maza shida ko bakwai suka kewaye shi, NEPA ta ɗauke wuta sai tocilan waya, kowa yana ihu a kansa fita! fita! wani ya danne masa kai da man zaitun. Yaron da aka durƙusar a daji cikin duhu maza suna masa ihu a ka. Jikinsa ya kama rawa ya faɗi yana kare fuska da hannu, su kuma suka ce ga shi nan ruhun yana fita. A daren nan ko runtsawa bai yi ba, ya ce min Yaya don Allah kar ki sake kai ni. Ban sake ba. Wannan ɓangaren in shi kaɗai zan auna, tauraro biyu ne, kuma biyun na kyakkyawar niyya ne.

Sai Baba Rabaran. Dattijo ne mai tsabta, agogonsa a kan tebur, Littafinsa duk ya sha jan biro. Hanyarsa a fili take: ka faɗi damuwarka, ya buɗe aya, ya nuna maka inda ka kauce, ku yi addu'ar tuba, ya ba ka aikin gida, mako mai zuwa ya tambaye ka ka yi ko ba ka yi ba. Wannan salon ba shi ya ƙirƙiro ba. Wani fasto ne a Amurka, Jay Adams, da ya koyar a makarantar tauhidi ta Westminster a Filadelfiya, ya fito da shi a 1970, lokacin da fastoci da yawa a can suka koma tura kowa wurin likitocin ƙwaƙwalwa. Shi ya ce a'a, kula da rai aikin ikilisiya ne, Maganar Allah ta isa, kuma in ba ciwo ne na jiki da likita zai iya nunawa ba, yawancin abin da ake kira matsalar tunani zunubi ne da yake buƙatar gargaɗi da tuba. Littattafan wannan layin sun shigo makarantun tauhidi da yawa, shi ya sa za ka ga fastocinmu masu shekaru da yawansu haka suke yi ko ba su taɓa jin sunan mutumin ba.

Kuma kar a yi wa Baba rashin adalci, hanyar nan tana aiki a inda take aiki. Na san wani magidanci da albashi yana shigowa sai gidan giya da caca ta waya, matarsa tana bin maƙwabta aron garin masara. Irin wannan ba ya buƙatar a zauna ana tambayarsa yaya yake ji a ransa, yana buƙatar wanda zai dube shi ido cikin ido ya ce abin da kake yi zunubi ne, kawo katin bankinka mu ba matarka. Baba ya yi masa haka, ya kuma bi shi har gida. Ba kowa ne yake da wannan ƙarfin halin ba yanzu da fastoci suke tsoron kar mai ba da zakka ya yi fushi ya canza coci.

Amma ƙanina ba shi ya yi laifi ba, shi aka yi wa. Baba ya saurare shi kamar minti biyar ya ce, ɗana, Allah bai ba mu ruhun tsoro ba, ya buɗe 2 Timoti 1:7, ya ce tsoron nan rashin bangaskiya ne, ƙwayar nan kuma ka san jikinka haikalin Allah ne, sannan ka gafarta wa waɗanda suka kama ka tun yau. Duk abin da ya faɗa yana cikin Littafi, ba ƙarya ko ɗaya. Sai dai yaro ya shiga da kaya ɗaya ya fito da uku: ga tsoron yana nan, ga shi yanzu an ce ba shi da bangaskiya, ga gafarar da ya kasa yi. A keke napep muna komawa ya ce min, Yaya ashe ni ne ma mai laifin. Abin da ya sa ban riƙe Baba a zuciya ba shi ne, a zama na gaba da ya ga aikin gidan ba a yi ba kuma yaron ya ƙara zubewa, bai ce taurin kai ba ne. Ya rufe Littafin ya ce min, 'yata, wannan ya fi ƙarfin irin nawa, ku shiga wurin Mama. Dattijo mai shekaru sama da saba'in ya faɗi haka a gaban yara, ni dai ya ƙara girma a idona.

Wurin Mama ne na ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Farko dai ta ce in fita in jira a waje, abin ya ɗan sosa min rai don ni na kawo shi, amma daidai ta yi. Daga baya shi ya ba ni labari. Ta jawo kujerarta ta bar bayan tebur, ta bar ƙofa a ɗan buɗe ta kuma sa shi ya zauna inda yake ganin ƙofar, ta ce in ka ji kana so ka fita ka fita ba sai ka nemi izini ba. Tambaya uku kawai ta yi masa a ranar: me ya faru, yaya ka ji, mene ne ya fi maka wuya a ciki. Ta yi shiru. Ya ce shirun ya yi tsawo har ya ji kunya ya fara magana, kuma abin da ya fito ba dukan ba ne, ba yunwar ba ce, wani mutum ne da aka kama su tare wanda kuɗinsa bai zo ba, shi aka sako shi ya bar mutumin a can. Wata da watanni muna gida ɗaya ba wanda ya san da wannan, don ba wanda ya tambaya, kowa cewa yake ka gode wa Allah ka manta.

Ba ta buɗe aya ba sai a zama na biyu, kuma da ta buɗe, labarin Iliya ta karanta masa a 1 Sarakuna 19, inda annabi guda ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin itace ya ce Allah ya ɗauki ransa. Ta ce duba abin da Allah ya fara yi masa, bai yi masa wa'azi ba, barci ya bar shi ya yi, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, sai daga baya aka yi magana. Ta ce to kai ma daga barci da abinci za mu fara. Ta yi masa bayani da Hausa mai sauƙi cewa jikin da ya daɗe cikin haɗari yakan ci gaba da tsaro ko bayan haɗarin ya wuce, shi ya sa ƙarar babur take tayar da shi, ba aljani ba ne ba kuma ƙarancin bangaskiya ba. Ta koya masa yadda zai ja numfashi a hankali ya riƙa kiran sunan abubuwan da yake gani a ɗaki in abin ya taso masa.

Irin hanyar Mama ita ce ta masu haɗa ilimin halayyar ɗan adam da Littafi Mai Tsarki. Su ma daga Amurka abin ya yi ƙarfi, makarantar tauhidi ta Fuller a Kaliforniya ta buɗe sashen saikoloji tun 1965, kuma mutane irin su Gary Collins da Larry Crabb sun yi rubutu da yawa a kai. Crabb ne ya kawo misalin Isra'ilawa da suka fita Masar da zinariyar Masarawa, wato ka ɗauki abin da yake da amfani a ilimin duniya ka tace shi da Maganar Allah ka bar sauran. Mutanen Adams suna sukarsu cewa a hankali saikolojin yake cinye Littafin har a wayi gari ba a maganar zunubi sam, kuma ba zan ce sukar ba ta da tushe ba, na taɓa jin mai kansilin da komai ka yi sai ya ce raunin yarinta ne. Mama dai ba haka take ba. Da aka zo maganar ƙwaya ba ta shafa masa mai a baki ba, ta ce wannan hanyar mutuwa ce kuma kai ka sani.

A kan ƙwayar ne ta yi abin da ya fi burge ni. Ta ce ita ba za ta iya cire masa tiramadol da hira ba, wanda jikinsa ya saba in ya daina farat ɗaya zai sha wuya har ya koma, don haka sai likita. Ta rubuta takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Mamanmu ta ce sam, ɗanta ba mahaukaci ba ne, me za a ce a unguwa, wa zai ba shi mata. Mama ta sa zani ta zo har gida ta zauna da ita a tabarma, ta ce Maman yara, in ƙafarsa ce ta karye za ki ce a yi addu'a kawai? Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. Ranar zuwa asibitin ita ta raka mu, ta san inda ake yankar kati ta san layin da za a bi. Mutane da yawa ba su san ma doka ta canza ba, tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 wadda take ɗaukar mai irin wannan ciwo kamar abin kullewa. Kuma matsalar ƙwaya ba ta gidanmu kaɗai ba ce, binciken da aka yi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suke shan ƙwaya a Najeriya, a shekarar ne ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. 'Ya'yan coci suna ciki, 'yan kwaya ma suna ciki, mu daina yi kamar ba mu sani ba.

Akwai kuma zaman rukuni da take yi ran Asabar na warkar da raunin zuciya. Tsarin nan a Afirka aka haife shi, wajen farkon shekarun 2000, ma'aikatan fassarar Littafi Mai Tsarki ne suka zauna da shugabannin coci daga ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita suka tsara darussan, yanzu ƙungiyoyin Bible Society suna koyar da shi a ƙasashe da yawa. Da Hausa ake yi, a da'ira ake zama. Akwai darasin da ake kwatanta baƙin ciki da tafiya ta ƙauyuka uku, na musu da fushi, na rashin bege, sai na sabon farawa, kuma aka ce ba laifi ba ne mutum ya daɗe a na biyu. Akwai ranar da kowa yake rubuta makokinsa ga Allah kamar yadda Zabura 13 ta yi, har yaushe ya Ubangiji. Wata gwauruwa da aka kashe mijinta a gona ta ce ita ba ta san an yarda Kirista ya yi wa Allah irin wannan tambayar ba, shekara da shekaru tana haɗiye ta. A ƙarshe kowa ya rubuta abin da ya fi ci masa rai a 'yar takarda, aka kai gindin gicciye aka ƙona. Maganar gafara sai can wajen ƙarshen darussan ta zo, ba a ranar farko ba. Ƙanina yana barci yanzu, ba kullum ba, amma yana yi, ya koma shagon ɗinkinsa, kuma har yau yana zuwa asibiti ganin likita.

To tauraron da na riƙe. Sirri. Bangon da ya raba ɗakin Baba da bencin jira falanki ne, in fanka ta tsaya kana jin komai, ni da kunnena na ji rabin matsalar auren wasu da nake gaisawa da su kowace Lahadi. Littafin sakatariya a buɗe yake a kan tebur, duk wanda ya zo rubuta sunansa sai ya karanta na sama. Mafi muni, an taɓa yin wa'azi aka kawo misali da wata 'yar'uwa da ta zo da kaza da kaza, ba a faɗi suna ba amma rabin majami'a sun juya sun kalli layin da take zaune. Ba daga bakin Mama ya fita ba, na tabbata, amma daga ofishin ya fita. Ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Sannan ba a gaya wa mutum tun farko abin da zai tsaya a ɗakin da abin da za a kai gaban dattawa. Yarinya ta zo neman taimako da ciki, kafin ta ankara an sa ta a horo an hana ta Jibin Ubangiji an mayar da ita bencin baya, saurayin kuma yana nan yana kaɗa jita. Ban ce a soke horo ba, amma in ɗakin shawara ya zama ƙofar kotu ba wanda zai sake faɗin gaskiya a ciki.

Ɗaya abin kuma shi ne matan da ake duka. A nan Baba da Mama ba sa shan inuwa ɗaya, kuma ya danganta da ƙofar da mace ta shiga. A ɗaya ɗakin za a karanta mata Afisawa 5:22 a ce ki yi haƙuri ki yi biyayya ki ƙara addu'a, ba a cika gangarawa aya ta 25 a kira mijin a tambaye shi ko haka Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya ba. A ɗayan za a fara tambayarta ko tana da inda za ta kwana yau lafiya, a gaya mata duka laifi ne a doka. Bayan rasuwar mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu a Afrilun 2022, wadda aka zargi mijinta da dukanta, coci-coci sun yi ta magana a kan wannan, na ɗauka zuwa yanzu ofis irin wannan zai kasance da matsaya ɗaya a rubuce, ba wai ran mace ya rataya a kan wa ta tarar ranar ba.

Shawarar kafin aure ban shiga ba, amma 'yar ƙanwar mamanmu ta yi a wurin ta ce ba laifi, ana maganar kuɗi da dangin miji da kwanciya ba kunya. Ƙorafinta ɗaya, gwajin jini na sikila sai an kusa ɗaurin aure ake tambaya, bayan an kai kaya an buga kati, alhali AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Wannan tun ranar da suka fara zuwa ya kamata a tambaya.

In za ku je, ku je Alhamis, Talata layin ya fi tsawo saboda masu shirin aure. Ku ce wa sakatariya ɗakin ciki kuke so, shi ne mai bangon bulo. Wanda ya san laifinsa yake neman mai tsawata masa ya kama shi da hannu biyu, Baba ya nema. Wanda aka yi wa abu, ko ba ya barci, ko akwai ƙwaya a ciki, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kai tsaye wurin Mama, kuma in maganar kashe kai ce kar ma a jira Alhamis, asibiti a ranar. Kansilin ɗin kyauta ne amma kati da maganin asibiti ku za ku biya, ku tafi da kuɗinku da na keke.